Kowa da kalmar sirrinsa, me ya sa kutse ɗaya ya cinye mu duka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da uwar garke ɗaya mai Linux, mu kusan 30 muke amfani da ita. Kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa, kowa da foldarsa. Muna ɗora shafukan WordPress a kanta, akwai MySQL, akwai kuma foldar da muke musayar fayiloli ta Samba. Kwanan baya aka kutsa shafin mutum ɗaya, kafin gari ya waye an lalata na wasu da dama, alhali ba wanda ya ba wani kalmar sirrinsa. Na duba saitunan izini ban ga kuskure ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Na yarda ka duba ba ka ga komai ba, domin irin wannan ɓaraka ba ta cika zama cikin fayil ɗaya ba. Takan zauna ne tsakanin manhajoji biyu, ɗaya ta kulle ƙofa, ɗayar kuma tana yawo da makullin kowa a aljihu. Karanta saiti ba ya nuna ta. Sai ka shiga da sunan asusu mafi ƙanƙanta a kan na'urar, ka miƙa hannu, ka ga iya inda zai kai. Duk abin da zan faɗa maka a nan, kansa zai dawo.

Kalmar sirri aikinta a bakin ƙofa yake. Da zarar an wuce nan, Linux ba ta sake tambayar wane ne kai. Abin da take dubawa shi ne da sunan wa wannan aikin yake gudana, wato lambar UID ɗin da ke kansa. To a uwar garken da aka girka Apache, manhajar da ke miƙa shafuka ga masu ziyara, da PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, yadda suka zo, duk shafukan nan 30 da suna ɗaya suke gudana: www-data a Debian da Ubuntu, apache a dangin Red Hat. A wurinka mutum 30 ne. A wurin na'urar mutum ɗaya ne.

Bari in nuna maka yadda ɗan kutsen yake tafiya, taki bayan taki. Ya sami shafi guda mai tsohuwar fulogin, ya loda ɗan fayil na PHP da ke karɓar umarni. Yanzu shi www-data ne. Ya buɗe `/etc/passwd`, wanda kowa ke iya karantawa domin haka aka tsara shi, sai ga sunayen dukkanku da inda foldar kowa take. Ya nufi foldar maƙwabci ya karanta `wp-config.php`. Dole fayil ɗin ya karantu gare shi, domin idan www-data ba ya iya karanta shi, shafin maƙwabcin ma ba zai tashi ba. A ciki akwai sunan rumbun bayanai da kalmar sirrinsa a rubuce ƙarara. Ya shiga MySQL da su, ya canza kalmar sirrin mai shafin a teburin `wp_users`, sannan ya zagayo ya shiga ta ƙofar gaba kamar mai gida. Ya maimaita a kan na gaba. Bai fasa komai ba, bai zama root ba, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar, kuma a rajistar shiga ba za ka ga abin da ya yi kama da sata ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin a nan Apache ɗinka ce.

Kafin ka ci gaba da karatu, je ka gwada wannan:

`sudo -u www-data cat /home/wane/public_html/wp-config.php`

Idan kalmar sirrin ta fito a allo, ka ga hanyar da aka bi.

Daga wannan tsari ne kuma `chmod 777` ke haihuwa. Mai shafi ya zo loda hoto, WordPress ta ce ba ta da izinin rubutu, domin foldar tasa ce amma PHP da sunan www-data take aiki. Ya bincika, wani ya ce masa ya sa 777, ya sa, hoto ya hau, hankali ya kwanta. Lamba ta uku a cikin 777 ita ce ta sauran jama'a, kuma 7 na nufin karatu da rubutu da shiga. A kwamfutarka ta kai kaɗai, sauran jama'a ba kowa ba ne. A nan kuwa mutum 29 ne, da duk wanda ya sace asusun ɗayansu. Ba na ganin laifin mai shafin sosai. Tsarin ne ya sa shi zaɓi tsakanin shafi mai aiki da shafi mai tsaro, kuma kowa mai aiki zai ɗauka.

Akwai wani abu game da folda da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har waɗanda suka daɗe a aikin. Goge fayil ko canza masa suna ba izinin fayil ɗin ke hukunta shi ba, izinin foldar da yake ciki ne. Fayil na iya zama mallakar root, 644, ba mai iya taɓa abin da ke cikinsa. Amma idan ina da izinin rubutu a foldar, zan kawar da shi in ajiye nawa da sunansa. Abin da ya hana haka faruwa a `/tmp` shi ne alamar nan ta musamman da ta mai da izininta 1777, wadda ke cewa mai fayil kaɗai ke iya goge nasa. Shi ya sa nake son umarnin `namei -l`, domin yana jero izinin kowace folda tun daga tushe har zuwa fayil ɗin, ka ga inda bangon ya tsage. Idan kuma ka ga alamar + a ƙarshen izini a `ls -l`, akwai ƙarin izini na ACL da ba ya fitowa sai da `getfacl`. Ka duba foldojin gida ma. Ubuntu ta daɗe tana ƙirƙirarsu da 755, kowa na leƙa na kowa, sai a fitowar 21.04 ta koma 750, kuma canjin bai waiwayi asusun da aka riga aka buɗe ba.

Maganin asali shi ne kowane shafi ya gudana da sunan mai shi. Da PHP-FPM ana yi wa kowane asusu nasa rukunin ma'aikata, a rubuta `user` da `group` nasa, sai `wp-config.php` ya koma 600, mai shi kaɗai ke karantawa. Apache ta tsaya a kan hotuna da sauran fayilolin da dama na jama'a ne. Kada wani ya ce maka `open_basedir` ya isa. Shinge ne da PHP ke yi wa kanta, kuma da zarar an sami hanyar kiran umarnin babbar manhaja, shingen bai san da zancen ba. PHP ta taɓa samun wani abu mai kama da shi, `safe_mode`, masu ita da kansu suka cire shi a fitowar 5.4 a 2012, domin matsalar ba a matakin PHP ya kamata a warware ta ba.

Sai dai raba ma'aikatan ma yana da nasa tarko, kuma a nan nake ganin masu ƙoƙari suna faɗawa. Kowane rukuni yana sauraron Apache ta wani soket, wato ƙofar da manhajoji biyu ke magana ta cikinta. Duk wanda ya iya magana da soket ɗin nan zai iya sa shi gudanar da PHP da sunan mai shi. Idan ka sa shi a `127.0.0.1:9000`, kowane asusu a kan na'urar yana iya kaiwa gare shi. Idan soket na fayil ne mai izinin 0666, haka nan. Har 2014 ma 0666 ɗin ne PHP-FPM ke zuwa da shi, sai da aka ba matsalar lamba CVE-2014-0185 aka mai da shi 0660. Sannan idan ka bar `AllowOverride All`, mai shafi na iya rubuta `SetHandler` a `.htaccess` ɗinsa ya tura fayilolinsa zuwa soket ɗin maƙwabci, Apache kuma ta kai masa saƙon domin ita tana da izinin shiga duka. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ka taƙaita abin da `.htaccess` ke iya canzawa zuwa iya abin da shafukan ke buƙata.

Ɗan'uwan wannan shi ne fayil mai nuni, wanda ake yi da `ln -s`. Ɗan kutse ya ƙirƙiri `a.txt` a foldarsa, ya sa shi yana nuna `wp-config.php` na wani, ya buɗe `a.txt` a burauza. Apache ta bi nunin, ta ga sunan ya ƙare da txt, ta miƙo abin da ke ciki a matsayin rubutu. Akan sa `SymLinksIfOwnerMatch` don hana haka, kuma ka sa shi, amma takardun Apache da kansu sun ce kada a ɗauke shi matakin tsaro, domin ana iya musanya fayil ɗin tsakanin lokacin da ta duba da lokacin da ta buɗe. Saitin `fs.protected_symlinks` da ya shigo Linux a 3.6 ma foldoji irin `/tmp` kawai yake karewa. Abin da ke kashe wannan dabara gaba ɗaya shi ne 600 ɗin nan. Abin da Apache ba ta iya karantawa, ba wanda zai aike ta ta ɗauko.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan duka. Mai ƙaramin izini ba ya fasa ƙofa, yana aiken mai babban izini ne. Masana tsaro sun daɗe da sanin wannan, Norm Hardy ya bayyana shi tun 1988 da siffar wakilin da aka rikita. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi a kan kowace manhaja ita ce: wa take yi wa aiki, da izinin wa, kuma wa ke iya gaya mata abin da za ta yi?

Ka ɗauki tambayar ka kai ta kan sudo, umarnin da ke ba ƙaramin asusu damar yin aiki da sunan root. Wani ya ce yana buƙatar gyara fayil ɗaya na saiti, ka ba shi izinin `vim` ta sudo. A cikin vim ya rubuta `:!sh`, shi ke nan ya zama root. Haka `less`, haka `find` da `-exec` ɗinta, haka `tar`, haka `awk`. Akwai shafi sukutum mai suna GTFOBins da ya tattara irin waɗannan umarnai, kuma duk wanda ya shigo maka ya san da shi. Don gyaran fayil akwai `sudoedit`, wanda ke buɗe kwafi da sunan mutumin, ba da sunan root ba. Alamar tauraro a sudoers ma haɗari ce, domin tana haɗiye sarari da ƙarin kalmomi, izinin karanta fayil ɗaya ya zama na karanta kowane. Dokar "komai ban da kaza" kuwa ba na yarda da ita ko kaɗan. A Oktoban 2019 aka bayyana CVE-2019-14287: wanda aka ba izinin gudanar da umarni da sunan kowa ban da root, idan ya rubuta `sudo -u#-1`, sai sudo ta mai da shi root ɗin da aka hana shi. An gyara a 1.8.28. Amma darasin ya wuce wannan kuskure. Ka lissafa abin da ka yarda, sauran duka a rufe. Ka duba abin da kowa ke da shi da `sudo -l -U` da sunansa.

Rukunin docker kuma, wato na masu izinin tayar da kwantena, ƙaramin keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja, sa mutum a cikinsa daidai yake da ba shi root, takardun Docker ma sun faɗi haka. Zai tayar da kwantena, ya ɗaura tushen na'urar a cikinta, ya gyara abin da ya ga dama. Rukunin lxd haka, rukunin disk haka. Cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara masa, idan na root ne shi ma ɗan aike ne: idan yana gudanar da wani fayil kowane dare, kuma fayil ɗin ko foldarsa na hannun wani, to wannan mutumin root ne da ke jiran dare ya yi.

Wani abin da ke sa a duba saiti a ga kamar lafiya shi ne kowace manhaja da yadda take karanta dokokinta. A `sshd_config`, ƙimar farko da aka samu ita ke aiki. A Debian da Ubuntu na yanzu akwai layin `Include` a saman fayil ɗin, don haka ɗan fayil a `sshd_config.d` da ya ce `PasswordAuthentication yes` ya rinjayi `no` ɗin da ka rubuta a ƙasa da hannunka. A sudoers kuwa akasin haka ne, layin ƙarshe da ya dace shi ke cin nasara. A `pg_hba.conf` na PostgreSQL na farko ne, layin `trust` ɗaya a sama ya shafe duk tsaurin da ke ƙasa. Apache tana haɗa sassa ne bi da bi, kuma `Location` yana zuwa bayan `Directory`, yana iya buɗe abin da wancan ya rufe. Idan kuma an gauraya tsofaffin `Order` da `Allow` na 2.2 da `Require` na 2.4, sakamakon yakan saɓa wa abin da mai rubutun ya nufa. Haka `Limit GET POST`: ya kulle hanyoyin da ka ambata ne kawai, wanda ya zo da wata hanyar ya wuce. Ba wanda zai riƙe duk wannan a ka, kuma ba sai ka riƙe ba. Ka sa manhajar ta faɗa maka abin da ta fahimta: `sshd -T`, `testparm` na Samba, `exportfs -v` na NFS mai raba folda tsakanin kwamfutoci, `SHOW GRANTS` na MySQL.

Tunda ka ambaci MySQL, ga wani abu da nake so ka gani da idonka. An saba ba kowane asusu izini a kan duk rumbun da sunansa ya fara da sunan asusun. A ce akwai asusu mai suna ali, aka rubuta masa izini a kan `ali_%`. A wurin mai rubutun, wannan na nufin ali, sai layin ƙasa, sai komai. A wurin MySQL kuwa layin ƙasa alama ce da ke tsayawa a madadin kowane harafi ɗaya. To akwai wani asusun mai suna aliyu, rumbunsa `aliyu_db`. Layin ƙasan ya cinye y, alamar % ta cinye sauran. Ali ya mallaki rumbun aliyu, ba wanda ya nufa, ba wanda ya sani. Daidai shi ne `ali\_%`. Ka kuma duba ko akwai asusu marar suna da tsofaffin girke-girke ke barinsa, da izinin `FILE`, wanda ke ba mutum damar sa MySQL ta karanto masa fayilolin na'urar. Ba mai shafin da ke buƙatarsa. Masu PostgreSQL su sani cewa kowane asusu na iya haɗuwa da kowane rumbu sai an janye masa, kuma sai a fitowa ta 15 a 2022 aka daina barin kowa ya ƙirƙiri teburi a `public`.

Akwai tunanin da ya kamata ka cire daga ranka, cewa abin da ke sauraro a localhost, wato adireshin cikin na'urar kanta, a ɓoye yake. Daga waje a ɓoye yake. Amma mutanenka 30 a cikin localhost ɗin suke zaune. Redis, manhajar ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura, idan aka bar ta ba kalmar sirri, kowannensu na iya karanta ta ya rubuta mata, kuma yanayin kariyar da aka ƙara mata a 3.2 baƙi na waje yake tarewa. Sai a fitowa ta 6 a 2020 ta sami asusu daban-daban. Memcached haka. `ss -ltnp` zai nuna maka duk mai sauraro, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka ba SFTP kaɗai ma, ka sa masa `nologin`, yana iya buɗe rami ta SSH ya kai ga waɗannan ƙofofin muddin ba ka rubuta masa `AllowTcpForwarding no` ba. Sannan duk kalmar sirrin da aka rubuta a layin umarni, `ps` na nuna wa kowa ita, sai ka ɗaura `/proc` da `hidepid`.

Samba ba zan daɗe a kanta ba. Ka nemi `guest ok = yes` tare da `map to guest = bad user`, domin haɗuwarsu na nufin duk wanda ya rubuta sunan da babu shi ya shiga a matsayin baƙo. Ka nemi `force user`, musamman idan root ne. Ka tuna `write list` na rinjayar `read only = yes`, kuma `wide links` a rufe ya kamata ya zauna, yadda Samba ta mai da shi tun 2010. Idan kana da NFS, kalli waɗannan layuka biyu:

`/home kwamfuta1(rw)`

`/home kwamfuta1 (rw)`

Na farko ya ba kwamfuta1 izinin rubutu. Na biyu, saboda sarari ɗaya tak, ya ba kwamfuta1 karatu kawai, ya ba duk duniya rubutu. Kuma `no_root_squash` na nufin root na waccan kwamfutar root ne a kan fayilolinka.

Yanzu waɗanda suka tafi. Wannan ya taɓa ci na, shi ya sa nake nanata shi. A wani wurin da na yi aiki, wani abokin aiki ya bar mu, na kulle asusunsa da `passwd -l`, na ɗauka magana ta ƙare. Bayan wani lokaci ina duba rajistar SSH sai na ga sunansa yana shiga kullum a sa'a guda. Ba shi ba ne da hannunsa, wata tsohuwar kwamfutarsa ce ke kwafe fayiloli da makullin da ke `authorized_keys`. Amma da kwamfutar ta faɗa hannun mugu, da ƙofarmu a buɗe take, ni kuma ina cewa na kulle. `passwd -l` kalmar sirri kawai yake kashewa, makulli na ci gaba da aiki a yawancin tsare-tsare. Ana ƙarar da wa'adin asusun ne da `chage -E 0`, a cire makullan, a duba crontab ɗinsa, a kashe ayyukansa da ke gudana. Cire mutum daga rukuni ba ya shafar zaman da ya riga ya buɗe, zaman tmux ɗin da ya bari a buɗe tun makon jiya yana nan da tsohon izininsa. Samba na da nata kundin kalmomin sirri, MySQL na da nata, kowanne sai an bi shi. Idan ka goge asusu ka bar fayilolinsa, lambar UID ɗinsa na iya komawa kan sabon mutum, ya gaji komai. `find / -nouser` zai nuna maka marayun fayiloli.

Duk abin da na faɗa zuwa nan kuskuren saiti ne, gyaransa a hannunka yake. Akwai kuma kuskuren da ke cikin manhajar kanta, kuma a uwar garken haɗaka nauyinsa ya ninka. Sanarwar tsaro takan ce matsala kaza sai mai asusu a kan na'urar ke iya amfani da ita, mai na'urar kansa ya ce wannan ba ta gaggawa ba ce. Kai ba ka da wannan hutun, domin duk shafin da aka kutsa asusu ne a kan na'urar. A Afrilun 2019 Charles Fol ya bayyana CVE-2019-0211 a Apache, daga 2.4.17 zuwa 2.4.38. Ma'aikacin Apache mai ƙaramin izini zai lalata wani yanki na ƙwaƙwalwar da yake tarayya da uwarsa mai gudana da sunan root, ya jira. Da safe logrotate, mai juya fayilolin rajista, zai sa Apache ta sake tashi a hankali kamar kullum, a nan umarnin ɗan kutse zai gudana a matsayin root. Masu haya wa jama'a wurin ɗora shafi su ne abin ya fi tsorata. A Janairun 2021 kamfanin Qualys ya fito da CVE-2021-3156 a sudo, kuskuren da ya zauna tun 2011, kuma ko wanda ba ya cikin sudoers yana iya zama root da shi. Bayan shekara guda suka fito da PwnKit a `pkexec`, wanda ke nan tun 2009. A zuciyar Linux kanta, wato kernel, an ga Dirty COW a 2016 da Dirty Pipe a 2022. Ba `chmod` ɗin da zai tare waɗannan duka. Faci ne kawai, wato girka gyaran da masu manhajar suka fitar, da wuri, da kuma rage yawan fayiloli masu alamar SUID da ke sa su gudana da izinin mai su ko wa ya kira su, waɗanda `find / -perm -4000` zai jero maka.

Amma kyakkyawan saiti yakan tsaya maka ko a ranar da manhaja ta gaza. A Oktoban 2021 aka bayyana cewa Apache 2.4.49 na da kuskuren da ke barin mutum ya fita daga foldar shafi ya karanta fayilolin na'ura, CVE-2021-41773. Gyaran 2.4.50 bai cika ba, sai 2.4.51. Waɗanda suka bar `Require all denied` a kan tushen na'urar, suka buɗe iya foldojin shafuka, fayilolinsu na waje ba su karantu ba. Waɗanda suka mai da shi `granted` don wani kuskure ya daina damunsu, su aka kwashe. Wannan ita ce ƙa'idar da Saltzer da Schroeder suka rubuta tun 1975, cewa asali a rufe, buɗewa sai da dalili, kuma kowa a ba shi iya abin da aikinsa ke buƙata. Har yanzu a nan ake faɗuwa. A jerin manyan haɗurran manhajojin yanar gizo da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2021, karyewar iyakar izini ce ta hau matsayi na 1, daga na 5 a 2017.

Ra'ayina a kan tsarinka gaba ɗaya ya danganta da su wane ne mutanen nan. Idan abokan aiki ne da ka sani, asusun Linux da aka raba da kyau, da faci a kan lokaci, sun wadatar. Idan kuwa baƙi ne, ko akwai shafin da ke riƙe da bayanan jama'a masu nauyi, ka fitar da shi zuwa tasa na'urar, ko da ta cikin na'ura ce irin ta KVM. Kwantena ta fi zama haka nan, amma zuciyar Linux ɗaya suke tarayya, kuskure ɗaya a cikinta ya shafi kowa.

Game da abin da ya riga ya faru, ka ɗauka duk `wp-config.php` da ke kan na'urar an karanta shi, har na shafukan da ba a taɓa ba. Ka canza kalmar sirrin kowane rumbu, da makullan sirri na WordPress da ke cikin fayil ɗin domin duk wanda ke ciki a fitar da shi, ka duba `wp_users` ko an ƙara shugaban da ba ku sani ba. Ka nemi fayilolin PHP a foldojin hotuna, ba abin da ya kai su can. Ka duba `authorized_keys` da crontab na kowa, har na www-data. Idan na'urar ta yi watanni ba faci, kada ka tsaya share-share, ka ɗauka an kai ga root, ka girka sabuwa, ka dawo da shafukan daga kwafin ajiyar da ya riga kutsen. Kwafin ajiyar ma ka duba izininsa, domin sau da yawa fayil ɗaya ne mai 644 da ya ƙunshi sirrin kowa.

Bayan ka raba PHP ɗin, ka buɗe sabon asusu na gwaji wanda ba ya cikin kowane rukuni. Da shi za ka yi ƙoƙarin shiga foldar kowa, ka karanta `wp-config.php` ɗinsa, ka taɓa soket ɗinsa, ka haɗu da Redis, ka nemi jerin rumbuna a MySQL. Sannan ka maimaita da sunan www-data, ka kuma maimaita da sunan kowane ɗaya daga cikin mutanenka 30. Amsar da kake nema a kowane gwaji ita ce `Permission denied`. Ka tara gwaje-gwajen a fayil ɗaya, ka riƙa gudanar da shi duk ranar da ka ƙara asusu, ko ka girka sabuwar manhaja, ko wani ya zo ya ce maka hotonsa ya ƙi hawa.